Senja Mai Bin Sawun Dutse

A ƙauyen Teerivaara na arewacin Finland babu wanda ya taɓa sa ran alheri daga dutse. Kowace shekara, da zarar ƙanƙara ta narke, sai ƙasa ta sake amayo sababbin duwatsu a gonar da aka tsince tas bara, mutane su duƙa su yi ta kwasa suna jibgewa a gefe, suna tsine musu. A cikin wannan aiki Senja Tolonen ta buɗe ido. 'Yar masu ƙaramin ƙarfi ce, an haife ta a wata bukka a bakin tafki, kuma tun ba ta kai tsawon garma ba take bin bayan dokin ubanta da kwando.

Bayan yaƙi ta auri Eelis. Ya dawo daga fagen daga da guntun ƙarfe a ƙugu, yana jan ƙafar hagu, gwamnati ta yanka masa fili irin wanda ake ba tsofaffin sojoji a nan lardin Kainuu: daji tsagwaronsa, ba gida ba rijiya. Su biyu suka sare itatuwa, suka tumɓuke kututture. Kamar kowa, ɗakin wankan tururi suka fara ginawa, suka zauna a cikinsa kafin gida ya tashi, a nan ma ta haifi 'yarsu Raili. Senja doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta iya zama wuri ɗaya. Eelis kuwa mutum ne mai sanyi, ba ya gaggawa ko a magana, amma in ya jefa kalma ɗaya sai ta yi sati tana yawo a gari.

Al'amarin ya faro ne wata kaka, Raili tana 'yar makaranta. Duwatsun murhun ɗakin tururi sun farfashe saboda tsufa, Eelis ya kwashe su ya jera sababbi. Ranar Asabar da yamma aka hura wuta, murhu ya ɗau zafi, miji da mata suka hau benci, Senja ta ɗebi ruwa da ludayi ta watsa. Maimakon tururi mai daɗi, sai wani wari ya turnuƙe ɗakin, kamar an ƙona kwalin ashana a kan ruɓaɓɓen ƙwai. Suka fito a guje suna tari, ko tawul ba su tsaya ɗauka ba.

"Tsoho, me ka zuba a murhun nan?" in ji Senja, da numfashinta ya dawo.

"Duwatsu."

"Daga wace jahannama ka kwaso su?"

"Daga gonarki, tsohuwa. Wasu ma da hannunki kika tsince su."

Washegari da murhu ya huce ta wargaza shi har ta kai ga mai laifin. Bai fi kan jariri girma ba, bayansa duk tsatsa, zafi ya tsaga shi biyu. Cikinsa kuwa yana walƙiya da wani ruwan ɗorawa mai duhu, kuma da ta ɗaga shi ta ji nauyinsa ya fi girmansa. Ta ɗaga duwatsu sun fi a ƙirga a rayuwarta, hannunta ya san abin da ya kamata dutse ya auna. Wannan ya wuce haka.

A bangon kantin ƙungiya akwai wata sanarwa da ta daɗe a manne: hukumar binciken ma'adinai da ke Helsinki, babban birnin ƙasar, na roƙon duk wanda ya ga baƙon dutse ya aika mata, gidan waya zai kai kyauta. Senja ta naɗe rabin dutsen a tsohuwar jarida ta kai kantin, inda ake karɓar saƙon gidan waya. Maƙwabcinsu Urho Kemppainen na jingine da kanta yana jiran a auna masa ƙusa. Manomi ne na gaske, gonarsa ta fi ta kowa tsafta, bakinsa kuma ya fi na kowa kaifi.

"Au, yanzu manyan Helsinki dutse suke ci?" in ji shi. "Uwargida, ki rubuta musu cewa ina da tsibi-tsibi a bayan gida. Su zo da mota, har kofi zan ba su."

"Naka na talakawa ne, Urho. Nawa wari yake yi."

Aka yi dariya, aka watse, hunturu ya zo ya rufe maganar.

Da bazara ta dawo, wata rana Senja na shanya sai ga babur ya shigo tsakar gida yana tari. Wani gajeren mutum mai sanƙo ya sauko, rana ta ƙona masa hanci, ya ce sunansa Renfors, masanin duwatsu ne na hukumar. Ya ce an gwada dutsenta, akwai tagulla a ciki, kuma ba kaɗan ba. Sai da ya sha kofi ya ci baƙin burodi da kifi mai gishiri sannan ya yi tambayar da ta kawo shi.

"Maigida, a ina daidai ka ɗauko shi?"

Eelis ya sosa ƙeya. "To, Malam, ko dai a gonar dankali, ko a bakin rafi, ko kuma cikin waɗanda na kwaso a hanyar coci."

Renfors ya ajiye kofinsa a hankali. "Ka ga, dutsen da ba a san inda ya kwanta ba, bebe ne. Ya gaya mana akwai tagulla a wani wuri, amma ba zai iya nuna hanya ba."

Ya nemi a kai shi inda fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, yake a fili, Senja ta kai shi bayan garken shanu. Ya zuba ruwa a kan fan, sai ga wasu zane-zane sun fito a jere, dogaye, duk sun miƙe gefe ɗaya. Senja ta san su tun tana yarinya, ba ta taɓa tambayar wanda ya yi su ba.

"Sawun ƙanƙara ke nan," in ji Renfors. "A makaranta an gaya miki ta taɓa rufe ƙasar nan kaf, kaurinta ya ninka tudun can sau da yawa. Abin da ba a gaya miki ba, tafiya take yi. Daga can ta taso, arewa maso yamma, tana jan ciki zuwa nan. Duk fan da ta bi ta kansa sai ta ɓantare shi ta tafi da gutsattsarin, ta yi ta zubar da su a hanya. Dutsenki ɗa ne, Uwargida. Uwarsa muke nema, tana kwance a ƙarƙashin ƙasa, can ta inda ƙanƙarar ta fito."

"Nisan me?"

"Wa ya sani? Tana iya zama bayan dajin nan, tana iya zama tafiyar kwana da kwanaki." Ya dumbuzi yashi ya watsa a kan fan. "Dubi. Kusa da hannuna ya taru, can nesa ya bazu. Haka 'ya'yan suke. In kin sami da yawa, kika ga suna matsowa kusa da juna, to kina dosar uwa. Wanda ya yi doguwar tafiya ya goge ya yi sumul. Wanda bai yi nisa ba yana nan da kaifinsa."

Senja ta tsaya tana kallon yashin. Duk rayuwarta duwatsu abin kawarwa ne kawai. Yau aka ce mata kowane ɗaya daga wani wuri ya zo, kuma ana iya bin sa a mayar da shi gida. Abin ya shige ta fiye da maganar tagullar.

Kafin ya hau babur Renfors ya ciro guduma mai dogon ƙota da ƙaramin kamfas mai nuna arewa ya miƙa mata. "Ni lardi guda gare ni da babur ɗaya. Ke kuwa a nan kike. In kin sami wani, kada ki ɗaga shi. Ki ɓanto kaɗan, ki yi wa itace alama, ki bar shi inda yake kwance."

Gudumar ta yi kwanaki a bayan ƙofa. Aikin gida ba ya barin mace ta shiga daji da yamma, ga shanu na jiran tatsa. Eelis yana lura da yadda take satar kallon bayan ƙofar, har ran nan suna cin abinci ya ce, "Ɗauki abinki ki tafi. Da ina da ƙafa da ni zan je. Tatsar yamma ki bar mini."

"Kai? A garin nan ka taɓa ganin namiji a gindin saniya?"

"Shanun ba su san namiji da mace ba. Hannu suka sani."

Ashe sun sani. Satin farko sun harbe shi, sun kifar da bokiti, ɗaya ma ta tsaya a kan ƙafarsa mai lafiya ta ƙi ɗagawa. Labari ya kai kanti. Urho ya riƙa gaishe shi da "Uwargida Eelis, ya aikin nono?" Eelis ya bar shi ya yi ta yi, sai ran nan a gaban mutane ya ce, "Lafiya lau, Urho. Ka zo in koya maka. Na ji an ce matarka ma ta fara kallon daji." Daga nan gaisuwar ta ragu.

Ita kuwa Senja ta shiga daji da takalmin roba da ɗankwali ɗaure har haɓa saboda sauro. A bazarar ƙasar nan rana ba ta gaggawar faɗuwa, sai ta yi ta tafiya tana yaye gansakuka daga kan duwatsu kamar mai yaye bargo, tana bugu tana dubawa. Ta koyi bin lambatun da masu aikin daji suka haƙa, da gindin itatuwan da iska ta tuge, don a nan ƙasa ke buɗe cikinta. Ta koyi shinshina dutse da zarar guduma ta sauka. Sau da yawa ta ga ƙyalli gabanta ya faɗi, ta aika, amsa ta dawo cewa farar wuta ce da baƙin ƙarfe kawai. Bazarar farko ta ƙare ba ta samu komai ba, sai dab da saukar dusar ƙanƙara ta ci karo da ɗaya a ƙarƙashin saiwar wani tugaggen itace, irin na murhu sak. Ta zauna a kansa ta ci burodinta, ba ta ma ji sanyi ba.

Renfors na zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, ta kai shi wurin kowane dutse, ya ɗiga ja a taswirarsa. Shekara ta uku ta yi ɓatan kai. Ta sami wani kyakkyawa a gefen hanyar mota, can gabas, nesa da sauran, ta ƙarar da bazara guda tana kewaya wurin a banza. Sai da kaka wani tsohon shugaban leburorin hanya ya ji labari ya ce mata ai duwatsun wurin nan da mota aka kawo su lokacin cikon hanya. Ta dawo gida ranta a ɓace, ta jefa gudumar cikin itacen wuta.

Da Renfors ya ji, dariya ya yi har da share ido. "Ni harsashin ginin wani tsohon coci ya taɓa yi mini haka, shekara biyu ina bin sa. Yanzu kin zama 'yar sana'a. Duk dutsen da kika gani, ki fara tambayarsa: ƙanƙara ce ta ajiye ka ko mutum?"

Eelis ya ciro gudumar, ya sake mata ƙota, ya mayar bayan ƙofa.

Daga nan ɗigon ja suka fara taruwa. Shekara bayan shekara suna matsewa, duwatsun na ƙara girma da kaifi, har layin ya miƙe tiryan-tiryan zuwa filin ciyawar Urho, wanda ke kwance a bakin babbar fadamar Mustasuo. Ranar da ta iso shingensa, yana tsaye a ciki da lauje, kamar ya daɗe yana jiran ta.

"Daji na kowa ne, Senja, ki taka inda kika ga dama," in ji shi, ba wasa a muryarsa. "Amma daga shingen nan zuwa fadama, ban yarda guduma ta shiga ba."

"Ba abin da zan ɗauka. Ɓantara kawai zan yi."

"Na san abin da ke biyo bayan ɓantara. Ubana da shebur ya ƙwato filin nan daga bakin fadama, ruwa har gwiwa, shi ya ci masa huhu. Ina da 'ya'ya maza biyu da zan bar wa. Ba zan bari a mayar da shi rami ba."

Ta dube shi, ta ga ba taurin kai ba ne kawai. Ta saɓa gudumarta ta juya. Ba ta taɓa tsallaka shingen ba, ko da ta san ya tafi kasuwa. Abin da ta yi shi ne kewaya fadamar gaba ɗaya, ta ƙarar da bazara biyu a ɗaya gefen, ta bincike shi ciki da bai. Ko ɗa guda ba ta samu ba.

"Rashin samun nan ma samu ne," in ji Renfors, yana jan yatsa a taswira. "A can babu, a nan akwai. Ke nan uwar tana tsakani. Sai dai fadamar nan faɗi gare ta. Manyana ba za su turo injin haƙa a kan wataƙila ba. Ina buƙatar dutse ɗaya da zai ce mana nan."

"Tana nan," in ji Senja. "Ba inda za ta."

Uwar dutse ba ta tafi ba, amma mutane sun fara tafiya. Shekarun nan ne ƙananan gonaki suka daina riƙe iyali, matasan arewacin Finland suka yi ta tururuwa zuwa masana'antun Suwidin. Gida bayan gida aka riƙa buga katako a taga. Aka fara maganar rufe makaranta. Raili ta yi aure, ita da mijinta suka bi ayari, Senja ta raka su tashar mota ta dawo ta shige daji ba ta ko ci abinci ba. Babban ɗan Urho ya tafi da alkawarin zai dawo girbi, bai dawo ba. Da shekara ta zagayo ƙaramin ya bi shi.

Wata safiya da kaka, raɓa ta daskare a kan ciyawa, Urho ya shigo tsakar gidansu. Ya rame, gemu ya fito masa fari. Eelis ya ce ya shigo ya sha kofi, ya girgiza kai.

"Senja, ɗauko gudumarki."

Suka nufi filinsa. Ya buɗe mata ƙofar shinge, suka ratsa filin har ƙarshensa, inda lambatu ya shiga fadama. Akwai tsibin ƙananan duwatsu da busassun rassa a wurin. Urho ya shiga yayewa da hannu, ita ma ta sa hannu. Abin da ya fito ya kai girman saniya a kwance, gefensa da kaifi kamar jiya aka fasa shi, jikinsa duk tsatsa da wani kore-kore.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Shekarar da kika fara yawo. Ina gyaran lambatu shebur ya buge shi. Na ga irin abin da kika kai kanti ne, na rufe."

Ran Senja ya ɓaci. Ta tuna bazarar da ta ɓata a gefen hanya, da biyun da ta yi tana nutsewa a bayan fadama, ta tuna Raili a tagar mota. Da a ce tun lokacin ya nuna. Maganar ta zo bakinta, ta dube shi yana tsaye da hula a hannu, ta haɗiye.

"Wa nake ajiye wa?" in ji Urho, yana kallon filinsa. "Jikokina ma yaren Suwidin za su tashi da shi."

Ta gyara tsayuwa ta ɗaga guduma. Ɓangaren da ya fito ya yi walƙiya tun daga wannan gefe har wancan.

Ba a iya shigar da inji fadama sai ta daskare, don haka aka jira tsakiyar hunturu. Masu haƙa suka sauka a gidan Tolonen, suka cika falo da warin man inji da jiƙaƙƙun safa. Kullum da rana Senja na kai musu romon wake a tukunya naɗe da bargo, ta tsaya tana kallon sandunan dutsen da injin ke zarowa daga ƙasa ana jerawa a akwatunan katako. Ramin farko baƙin dutse ne har ƙasa. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Saƙo ya zo daga Helsinki cewa in na gaba bai ba da komai ba a kwashe kaya kafin fadama ta saki.

Renfors ya daina dariya. Ya sa aka hura wuta a kan ƙasa kusa da dutsen Urho har ta yi laushi, aka haƙa rami iya wuya, ya shiga da kamfas ya yini a durƙushe yana auna yadda ƙananan tsakuwoyi suka kwanta a cikin yumɓu, ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa sun yi shuɗi. Da ya fito ya ce wa Senja, "Ni na yi kuskure. Ƙanƙarar sau biyu ta wuce nan. Zanen da ke bayan garkenki na tafiyar ƙarshe ne. Wadda ta ɗauko wannan dutsen ta riga ta, kuma ta fi karkata arewa. Gefe muke ta haƙawa."

"To a matsa mana," in ji ta. "Sha romonka tukuna."

Aka ja injin arewa. Ranar da abin ya fito, rana ce mai haske ta ƙarshen hunturu, dusar ƙanƙara na ɗaukar ido. Senja na zuba romo sai ta ji injin ya canza murya, ruwan da ke fitowa daga ramin ya yi duhu. Shugaban masu haƙa ya zaro sanda, ya goge ta da hannun riga, ya miƙa wa Renfors. Renfors ya duba, ya miƙa mata. Nauyin nan ne dai, wanda hannunta ya sani. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ce a ba ta aron guntu, ta saka a aljihun riga ta tafi gida da sauri, don Eelis bai iya zuwa fadama.

Yana zaune a garke. Ya juya guntun a hannu ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan kam kada ki bari in gan shi kusa da murhu."

An gayyace ta birnin Kajaani an ba ta lambar yabo da tukuici a gaban manya. Da tukuicin ta sayi injin tatsa, na farko a Teerivaara. Eelis ya zagaya shi yana ɗingishi ya ce, "Sai da na ƙware za a kawo mini wanda zai ƙwace aikin."

An ɗauki shekaru ana aune-aune kafin kamfani ya buɗe mahaƙa. Ba babba ba ce, amma ta isa. Aka ja wutar lantarki, aka gyara hanya, aka cire katako daga wasu tagogin, makaranta ta tsira. Raili da mijinta suka dawo da yara biyu, ya sami aiki a wurin injinan niƙa. 'Ya'yan Urho ba su dawo ba. Filinsa ya shige ƙarƙashin tulin ƙasa, ya koma wani ɗan gida kusa da coci, kuma har ya mutu ba ya bin hanyar da ta wuce ta mahaƙar. Amma duk Lahadi yakan zo su sha kofi da Eelis su yi ta tsokanar juna.

Ba kowa ne ya gode mata ba. Rafin da ke fita daga Mustasuo ya yi ja, kifi ya ƙaurace wa wannan gefen tafki, matan da suka saba tsinkar 'ya'yan itacen fadama suka rasa wurinsu. Wata ta tare ta a ƙofar coci ta faɗa mata haka a fuska. Senja ta saurara har ta gama, ta ce, "Gaskiyarki ne. Ni ma a rafin nan na koyi iyo." Ba ta kare kanta ba, ba ta kuma ce ta yi nadama ba. Da aka kira taron gari a kan ruwan, tana layin gaba cikin masu matsa wa kamfani ya gina madatsar tacewa, kuma da ta miƙe tsaye manajan bai iya ce mata ba ta san abin da take faɗa ba.

Eelis ya rasu mahaƙar na cikin ganiyarta, a kan kujerarsa, bayan cin abincin rana. Senja ta sayar da shanun, don ta ce ba ta iya shiga garken ba shi. Bayan shekara goma sha wani abu tagullar ta ƙare, aka kwashe injuna, ramin ya cika da ruwa. Wasu suka sake tafiya, wasu suka zauna, ciki har da Raili.

Ita kuwa tun kafin nan ta yi gaba. Hukumar ta riƙa ɗaukarta duk bazara tana zagaya ƙauyukan Kainuu tana koya wa manoma da masu saran itace yadda ake duba dutse. Ba ta iya dogon jawabi. Takan kai su bakin lambatu ne ta miƙa wa mutum dutse biyu ta ce, "Wanne ya fi nauyi? To fasa shi." Yawancin masu yawo da guduma a lardin nan a hannunta suka koya, ko a hannun wanda ta koya wa. Ta sami wasu duwatsun masu kyau bayan na farko. An gano uwar ɗaya, ta yi ƙanƙanta ba a haƙa ba. Sauran har yau ba a gano ba, kuma hakan bai taɓa hana ta barci ba.

Da ta haura tamanin kafaɗarta ta ƙi ɗaga guduma. Sai ya zama Raili, wadda ita ma ta yi furfura, ke tuƙa ta a mota duk inda aka ji ana yanka sabuwar hanya ko ana haƙa lambatu. Senja ta sauko a hankali, ta bi gefen ramin tana dogara sanda, tana duban duwatsun da katafila ta tono. In ta tsaya, Raili ta gangara da guduma.

"Wannan, Mama?"

"A'a, wannan ba komai a cikinsa. Na bayansa, mai tsatsar nan. Juya shi tukuna in ga gefensa."

A bazararta ta ƙarshe ma sun fita har kaka ta shigo. Ta rasu da hunturu a gidan da suka gina ita da Eelis, aka binne ta kusa da shi.